Tumatirin Da Baba Ya Ajiye Wa Baƙi

Hoton nan da ke rataye a falona, wanda kuka tashi kuka gani, ba na shekarar albarka ba ne. Na sha jin kuna nuna wa abokanku kuna cewa ga gonar kakanmu a lokacin da tumatir ya yi yawa har aka rasa inda za a zuba shi. Na kuma san yadda Kawunku Sale yake ba da labarin duk sanda aka taru da salla, wai amfanin gona yana ruɓewa, uwarku tana can birni a motar Turawa tana yawon buɗe ido. Yana faɗa kuna dariya, ni ma nakan taya ku. To amma Sale bai je ba, ni ce na je. Tunda yanzu na sami zama, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance kafin nasa labarin ya zauna.

A cikin shekarun tamanin ne. Na gama sakandare ina zaune a gida, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ruwan kanal bai daɗe da zama abin yau da kullum ba, tsofaffi har lokacin sukan tsaya su kalli ruwa yana gudu da rani kamar ba su gama yarda da shi ba. Gonar Baba ita ce ta farko idan ka sauka daga titi ka haye kwalbati, kuma Baba mutum ne da ciyawa ba ta kwana a kunyarsa. Saboda haka duk wanda ya taso daga ofishin noman rani da baƙo, a nan yake tsayar da mota. Ba a taɓa tambayarmu ko muna so ba, Baba kuma bai taɓa nuna ba ya so ba. Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani game da zamana a gidan. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini, Inna kuma ta ce Mai-sunan-Iya. Ni kaɗai ce nake mayar masa da magana ya ƙyale, kuma ban taɓa yi wa wannan dama tattali ba, kullum sai na yi amfani da ita.

Shekarar nan tumatir Baba ya zuba a gonar gaba ɗaya, kuma ya yi. Ku da kuke saye a leda ba ku san cewa tumatirin da za a kai Ikko ba a barinsa ya nuna a jikin uwarsa ba. Da ya fara sauya launi, yana nan da taurinsa, ake tsinke shi a jera a kwando, sauran nunar a kan hanya zai yi ta. Idan tsinka ta matso kuma akan janye masa ruwa, don idan ya sha da yawa yana cikin nuna sai ya tsattsage. Babu wanda bai san wannan ba a garinmu. Baba ya riga ya yi magana da Alhaji Ɗanjuma, dillalin da ke haɗa wa motocin kudu kaya, an ajiye a kan farkon mako. Ana nan, na kai abinci gona, sai ga Malam Garba malamin gonarmu a kan babur ɗinsa. Suka gaisa da Baba, ya tsuguna a bakin kunya.

"Malam Audu, manyan baƙi ne wannan karon, daga ƙasar waje. Za a zagaya da su birni, ranar Laraba su zo nan. Aka ce in zaɓi gona, na ce ba sai na yi tunani ba."

"Allah ya kawo su lafiya."

"Sai dai abu ɗaya. Kar a tsinka tukuna. Su zo su ga ja a jikin kore, ruwa kuma yana gudu a kunya. Kar su zo su tarar da ganye zalla."

Na ce, "Malam, idan ya lalace wa zai saya?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Daga nan zuwa Laraba me zai same shi? Ke ma ki shirya, ke za ki yi musu bayani da Turanci. Idan kika yi abin kirki, maganarmu ta zauna ke nan."

Maganar da yake nufi ita ce ta aikin buga tafireta a ofishinsu, wanda ya ce zai sa baki a ɗauke ni. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba, don na gaji da surfe. Baba bai ko dube ni ba. Ya wanke hannu ya ce, "Na ji. Ba za a taɓa shi ba sai sun gani."

Kar ku ɗauka wauta ce. A wurin Baba, ka nuna wa baƙo gonar da aka riga aka tsinke daidai yake da ka ajiye masa akushin da aka cinye. Haka aka yi masa tarbiyya, haka kowa a garin ya tashi, sai dai kafin zuwan kanal baƙon da ake yi wa haka ɗan'uwa ne da ya zo daga Rano ko Bebeji, wanda idan ya ce Laraba to Laraba ce. Kuma Baba idan magana ta fita daga bakinsa, ba ya mayar da ita.

Ranar Laraba muka share bakin gona, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, Inna ta dama fura a sabuwar ƙwarya. Sale ya jera bututun robar da ake jawo ruwa da su daga kanal, ruwa ya bi kunyoyi yana sheƙi. Baba ya sa farar rigarsa. Muka zauna har inuwa ta juya. Da yamma wani ɗan ofis ya zo a keke ya ce an ɗaga sai Juma'a bayan masallaci. Ranar Juma'a aka sake share wuri, aka sake sakin ruwa, wannan karon ko mai keken ba mu gani ba. Sanyi ya riga ya wuce, zafi ya fara shigowa, tumatir kuwa ya ga ruwa ya ga rana. Gonar ta yi jawur, har masu wucewa a titi suna rage gudu. Kyau kam ta yi, ban taɓa ganin irinta ba, don ba wanda yake barin gonarsa ta kai haka. Da la'asar Alhaji Ɗanjuma ya zo, ya tsinki ɗaya ya danna da babban yatsa.

"Malam Audu, yau ne fa. Gobe ba ni da ta cewa."

"Na yi wa mutane alkawari, Alhaji."

"Mutanen da ba ka taɓa gani ba? Ni da kake gani duk shekara fa?"

"Ai kai na gida ne."

"To na gida zai wuce gonar Tanko. Direba ba ya jiran na gida."

A gida Inna ba ta ce masa komai ba, don ita ba ta fuskantarsa. Tana kwashe tuwo, sai ta ɗaga murya yadda zai ji daga zaure ta ce, "Mai-sunan-Iya, ki tambayar mini ɗanki, su Turawan nan da ido suke shan miya?" Sale ya ce a bari mu tsinke rabin da ke can baya, wanda ba a hangowa daga titi, wa zai sani. Baba ya ce shi zai sani. Ni kuwa na je na tsaya a ƙofar zaure.

"Baba, mutanen nan ba su san da kai ba."

"Uwata, Malam Garba ya gaya musu. Suna can sun sa rai."

"To zan je in tambaye su da kaina."

"Je ki mana," in ji shi, yana kai loma.

Shi wasa yake yi. Ni na ɗauka izini ne, don abin da nake bukata ke nan. Da sassafe na biya ta gidan Malam Garba a Kura, matarsa ta gaya mini masaukin da aka ajiye baƙin, ta ce tunda aka fara wannan hidima maigidan bai kwana a gida ba. Na shiga motar Kano.

Na tarar da su a harabar masaukin suna shiga wata farar bas. Maza da mata ne, ba su da yawa, kowa da hular rana. Malam Garba ya gan ni ya yi turus, sannan ya jawo ni gefe. Idanunsa sun yi ja, rigarsa ta yamutse. Ya ce yau ne, yau ba fashi, za a ɗan zagaya da su gari da safe, da azahar a kama hanyarmu. Ya ce tunda na zo in shiga kawai mu tafi tare. Na shiga na zauna a kujerar baya. Wannan ita ce motar Turawan da Kawunku yake faɗa.

Ni ma a ranar na fara ganin Kano. Kafin nan abin da na sani a birnin bai wuce tasha da asibiti ba. Akwai wani jagora da aka haɗa su da shi, mai kwat da ƙaramar lasifika, wanda ya haddace bayaninsa kamar karatun allo. Aka bi da mu ta gefen ganuwa yana nuna inda ta zube da inda take tsaye, aka tsaya a wata ƙofa aka ɗauki hoto, aka sake tsayawa don wata ta hango raƙumi. Daga nan sai marinar Ƙofar Mata. Rijiyoyi ne a jere a ƙasa, kowace da murfinta na kaba, maza zaune a bakinsu suna tsoma zane suna ɗagowa, hannayensu sun rine har gwiwa. A can gefe ana jin ƙarar 'yan bugu suna bugun rinannen zane. Ba zan ce ban kalla ba. Zane ya fito daga rijiya yana kore-kore, iska ta taɓa shi ya koma shuɗi a gaban idonka, dole ka tsaya. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne, babu ko ɗayansu da ya ɗago kai don mun zo. Ana ɗaukarsu hoto suna hirarsu. Na tsuguna kusa da wani tsoho na gaishe shi.

"Baba, idan aka ce muku baƙi za su zo, kukan jira su?"

"Mu jira su da me, 'yan mata?"

"Ku bar zanen a ciki har su iso su gani."

Ya dube ni kamar na yi zagi. "Zanen nasu ne? Idan sun tarar sun gani, idan ba su tarar ba gobe wasu na tafe. Daga ina kike?"

"Daga wajen Kura."

"To shi ya sa."

Na ji haushin maganar, amma na daɗe ina juya ta. Su an saba kallonsu tun kakanninsu, sun san mai kallo wucewa yake yi. Mu kuwa kallon sabon abu ne a wurinmu, kanal ne ya kawo mana shi, sai muka ɗauki mai kallo a matsayin baƙon gida.

Daga marina aka shiga Kasuwar Kurmi, a nan azahar ta same mu ta wuce. Lunguna ne matsattsu, ɗaya yana kai ka ɗaya, warin fata da na kayan yaji sun gauraye. Baƙin suka watse kamar an saki kaji. Wannan yana gwada takalmi, waccan tana juya ƙwarya mai zane, wani dogo ya maƙale wa wani takobi. Akwai wata a cikinsu mai kyamara rataye a wuya, ita ta gane ina jin Turanci, sai ta kama ni in taya ta ciniki a kan wata jakar fata. Na tambayi mai jakar gaskiyar kuɗinta, na gaya mata, na ce ta biya mu tafi. Ta ce ai ita cinikin take so. Mai jakar ma ya harare ni ya ce, "Hajiya, wa ya aiko ki?" Duk inda na ga Malam Garba sai in tare shi in ce rana tana yi, shi kuma ya ce saura kaɗan. Daga kasuwa aka ce sai an ci abinci. Daga cin abinci aka ce ba a zuwa Kano a koma ba a hau Dala ba.

Mun hau da la'asar. Baƙin suna hawa suna hutawa, ni na riga su kaiwa sama, ba don ƙarfi ba, don haushi. A can sama gari ne shimfiɗe ta kowane gefe, soraye da rufin kwano, ga babban masallaci, ga Goron Dutse a can. Jagora ya tara su yana ba su labarin mutanen da suka fara zama a gindin dutsen. Ni na koma gefen kudu na tsaya. Ba a hango garinmu daga nan, na sani, amma can nake kallo. Sai mai kyamarar nan ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce me nake nema.

Turancina na makaranta ne, ba shi da kwana-kwana. Ko da ina son in sassauta ban san kalmomin ba. Na ce mata, "Babana yana jiranku tun Laraba. An ce kar ya tsinki tumatirinsa sai kun gani. Yanzu yana ruɓewa. Za ku zo ne ko ba za ku zo ba?"

Sai ta kira babbansu, wani tsoho mai farin gemu, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ya kira Malam Garba da jagoran. A nan na ji abin da na riga na zata. Ba wanda ya gaya musu wani yana jira. An dai ce musu idan lokaci ya samu akwai wata gona a kan hanya da za a iya tsayawa. A ranar kuma ba zai yiwu ba, an riga an shirya musu kwana a bakin tafki can gaba da mu, washegari a kai su dam ɗin Tiga. Tsohon ya cire hularsa ya ce in gaya wa mahaifina ya tsinki kayansa tun yanzu, kuma ya yi haƙuri. Muna saukowa Malam Garba ya matso kusa da ni.

"Kin kyauta. A gaban mutane."

"Malam, ba don kai na yi ba."

"Ni ma gobe ake ce mini kullum, kin sani? Kina tsammani ni nake tsara tafiyar?"

"To da sai ka aiko mana a tsinka."

Ya wuce ya nufi bas. Ba mugun mutum ba ne, kar ku riƙe shi. Shi ma yana tsoron ranar da zai ce a tsinka ita ce ranar da za a ce a tafi gona.

Bas ɗin ta sauke ni a bakin titinmu gab da magariba, ta wuce. Na tarar da Baba a zaure yana alwala. Sale yana ganina ya ce, "Baturiya ta dawo. Ina tsarabar Landan?" Ban kula shi ba.

"Baba, sun ce ka tsinka."

"Babbansu ne ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"Bai ji haushi ba?"

"Bai ma san kana jira ba. Ba wanda ya sani a cikinsu."

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa, ya daɗe a kanta fiye da yadda ya saba. Sannan ya ce, "Ba a gaya masa ba ke nan. To ba laifinsa ba ne." Ya tashi ya tafi masallaci.

Da gari ya waye muka fita gaba ɗaya, har da maƙwabta. Kana kama tumatir yana fashewa a hannunka. Wanda bai fashe ba ya tsage, wanda ya taɓa ƙasa ya yi ruwa. Alhaji Ɗanjuma ya zo don mutunci, ya danna ɗaya, ya goge yatsa a rigarsa ya ce wannan ko Kwanar Dangora ba zai kai ba, balle Ikko. Masu sayarwa a kasuwar Kura suka tsinci 'yan kwanduna, sauran kuwa ba abin da za a yi da shi sai kauɗa, wato a yanka a shanya ya bushe. Muna cikin tsinka muka iso layin da ke bakin kanal, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Wannan a bar shi."

Sale ya ce, "Baba, ai sun ce a tsinka."

"Sun ce a tsinka. Ba su ce ba za su zo ba."

Matan unguwa suka zo da wuƙaƙensu. Aka share fili daga bakin gona har kusa da titi, aka shimfiɗa buhuna da tsofaffin tabarmi, inda suka ƙare aka zuba a kan ƙasa. Muna yankawa muna bajewa, ruwan tumatir yana cin hannu, ƙuda ya taru, ga tsami yana tashi. Inna tana yanka tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin baƙon da ya cinye gona bai zo ba. Matan suna dariya, suna satar kallon Baba. Shi kuwa yana ɗauko kwando yana juyewa.

A kan hanyarsu ta komawa birni suka tsaya. Muna tsakiyar aiki, ba shara, ba fura, ni da tsohon zanen Inna a jikina. Baba yana hango farar bas ya ruga ƙarƙashin darbejiya, inda ashe farar rigarsa take rataye tun safe, ya zura ta, ya je ya tsaya a bakin layin nan nasa. Baƙin suka sauko, suka ga ja shimfiɗe a ƙasa iya ganinsu, sai suka nufi can. Suna tsugunawa, suna shinshinawa, suna tambayata yadda ake yi da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya bushe. Mai kyamarar nan ta ce ba ta ga abin da ya kai wannan kyau ba tun da suka zo. Na ce mata wannan asara ce. Ta ce eh, ta gane, ta yi haƙuri, sannan ta sake ɗaga kyamara. Ita ce ta tsayar da ni a tsakiya da wuƙa da roba a hannu. Fuskar nan da kuke cewa na sha kunu, yanzu kun san dalili.

Tsohon mai farin gemu shi kaɗai ya ƙarasa wurin Baba. Ya ba shi hannu, ya ba shi haƙuri, na fassara. Baba ya ce in gaya masa ba komai, gonarsa ce, ya kuma nuna masa layin. Tsohon ya duba ya gyaɗa kai, sai aka kira shi daga can a zo a yi hoto. Baba ya bi layin a hankali, ya tsinci waɗanda suke da sauran ƙwari ya cika ƙaramin kwando, ya sa Sale ya kai cikin bas. Ba a daɗe ba direba ya yi oda.

Kauɗa ba ta da daraja kamar ɗanye, kowa ya sani. Abin da aka samu bai isa taki ba, sai da aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa kafin damina ta faɗi. Miyar kauɗa kuwa mun sha ta har na daina son ganinta, shi ya sa ba ku taɓa ganin na dafa muku ba. Maganar tafireta ba ta sake tashi ba. Malam Garba ya ci gaba da zuwa, muna gaisawa, bai ɗauko ba ban ɗauko ba. Daga baya na kama koyarwa a firamare, kuma da za a mayar da ni kan Dala a ranar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Baba bai ƙara riƙe gona don baƙo ba. Sai dai har ya bar noma, layin bakin kanal shi ne na ƙarshe da ake tsinka, kuma ba wanda ya tambaye shi dalili.

Hoton bayan damina ya iso, Malam Garba ne ya kawo shi ya ba Baba a zaure. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Inna ta ce ko zane ba a bari na sauya ba. Sale ya ce Baturiya ta shiga tarihi. Da ya dawo hannun Baba sai ya fita da shi ƙofar gida inda haske yake, ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. Ba ni yake kallo ba, ba kuma jan ba. Idan kun sauko da hoton ku duba can sama ta hagu, bayan kafaɗata. Akwai wani ɗan kore dishi-dishi, da wani fari a tsaye kusa da shi wanda kuka ɗauka buhu ne. Baba ya ɗora yatsa a wurin, ya juyo ya dube ni.

"Ga shi nan, Uwata. Ashe sun ɗauka."

Ina da amsa a bakina. Na karɓi hoton na duba inda yatsansa yake, na ce, "Sun ɗauka, Baba."